Labarin Neman Ƙuri'a a Nijeriya, Daga Bakin Sanƙira Zuwa Wayar Hannu

Mai neman mulki ta hanyar zaɓe abu biyu ya ke bukata. Na fari, jama'a su ji sunansa, su ji abin da ya ce zai yi musu. Na biyu, ran zaɓe su bar sana'arsu su tafi su jefa masa ƙuri'a. Na biyun kuwa ba ya samuwa sai na farin ya samu. Saboda haka tun ran da aka fara zaɓe a Nijeriya 'yan siyasa ba su huta ba wajen neman hanyar da maganarsu za ta kai kunnen talaka. Hanyar nan ta sāke sau da yawa. An yi zamanin sanƙira da maroƙi, aka yi na jarida da lasifika, aka yi na rediyo, sa'an nan aka zo ga na wayar hannu. Ga labarin yadda abin ya gudana, da amfanin da aka samu, da ɓarnar da ta biyo baya.

ZAMANIN BAKI DA BAKI

A zamanin da, in sarki yana da magana ga talakawansa, sai ya aika wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa. In kuwa a birni ne, sanƙira ke fita kasuwa ya yi shela. Labari ya kan daɗe kafin ya kai ƙauye, amma yana da kyau guda ɗaya: kowa ya san mai shela, ya kuma san wanda ya aiko shi. In ya ƙara wani abu daga bakinsa, an san inda za a same shi.

A watan Janairu 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta. Masu karatun boko kaɗan ne a lokacin, amma jarida guda ta kan ishi zaure guda. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, goma su saurara, gobe goman nan su kai labarin kasuwa.

Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta zama jam'iyyar siyasa sosai. Zaɓen shekaran nan hawa-hawa aka yi shi: mutanen ƙauye su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi waɗansu, har a kai ga lardi. 'Yan NEPU suka yi nasara a hawan fari a birnin Kano, amma ko ɗayansu bai kai majalisar Kaduna ba. Yaƙin neman zaɓe na wannan zamani lacca ce a fili, da waƙa, da ziyarar gida gida. Masu ilmi irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Mudi Sipikin suka riƙa tsara waƙoƙin siyasa, mutane suna haddacewa suna rerawa, har wanda bai san baƙi ba ya san abin da jam'iyya ke nufi.

ZAƁEN 1959

Ran 12 ga Disamba 1959 aka yi babban zaɓen da ya share wa mulkin kai hanya. A Jihar Arewa maza kaɗai suka jefa ƙuri'a. Mata ba su sami wannan dama ba sai bayan shekara goma sha wani abu. Kowace jam'iyya da akwatinta da alamarta: NPC fartanya, NEPU tauraro, NCNC zakara, Action Group itacen kwakwa.

A wannan zaɓe ne aka fara ganin abin mamaki. Cif Obafemi Awolowo, shugaban Action Group, ya yi hayar jirgin sama mai saukar ungulu, ya riƙa sauka a garuruwan Arewa inda ko mota ba ta cika zuwa ba. Aka riƙa zuba takardu daga sama, har aka rubuta suna da hayaƙi a sararin samaniya. Mutane suka fito tuli, yara da manya, don su ga jirgi. Abin ya tilasta wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, da manyan NPC su shiga ƙauyuka su ma suna neman ƙuri'a da bakinsu. Da aka ƙidaya, cikin kujera 312 NPC ta sami 134, NCNC da abokiyarta NEPU 89, Action Group 73. Ashe da yawa cikin waɗanda suka cika filin saukar jirgi kallo ya kawo su. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin za a sāke gamuwa da irinsa a gaba.

ZAMANIN REDIYO

A 1957 gidan rediyon BBC na London ya fara magana da Hausa. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan a Kaduna. Da ƙananan akwatunan rediyo masu aiki da batir suka yawaita, sai ya zamana manomi a gona da makiyayi a ruga suna jin abin da a ke ciki ran da ya faru. Ba ƙasar da rediyo ya kama kamar ƙasar Hausa. Amma shekara da shekaru gidajen rediyo na cikin gida duk na gwamnati ne, wanda ke kan mulki shi ya fi samun baki a ciki. Don haka mutane suka saba, in suna son jin ɗaya gefen, sai su murɗa zuwa London, ko Jamus, ko Amurka.

Bayan an koma mulkin farar hula a 1999 gidajen rediyo na 'yan kasuwa suka yawaita. A Kano aka buɗe Freedom Radio a 2003, waɗansu suka biyo. Nan aka sami mutanen da a ke kira sojojin baka, waɗanda aikinsu shi ne su shiga rediyo su yabi ubangidansu, su yi wa abokin hamayyarsa habaici. Duk da haka gidan rediyo yana da maigida, yana da lasin da hukuma ke iya karɓewa, mai magana kuma an san muryarsa.

ZUWAN WAYAR HANNU

Kafin 2001 layukan tarho na Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu a ofisoshi da gidajen manya. A watan Agusta na shekaran nan aka fara sayar da layin wayar hannu. Da fari tsada gare shi, sai mai hali. Kafin shekara goma ta cika ya zama har mai sayar da goro a tasha yana da tasa.

Ana nan kuma waɗansu kamfanoni a Amurka suka ƙago dandali iri iri a intanet, waɗanda Hausawa ke kira kafofin sada zumunta. Aka kafa Facebook a 2004, Twitter a 2006, WhatsApp a 2009. Kowane ɗaya kamar kasuwa ce wadda ba ta tashi. Mutum ya rubuta magana, ko ya sa hoto, ko ya ɗauki muryarsa, nan da nan dubbai su gani, kowa kuma ya iya miƙa wa na gaba. A zaɓen Amurka na 2008 Barack Obama ya yi aiki da su ƙwarai wajen tara samari da tara gudummawar kuɗi, ya kuwa ci. 'Yan siyasan duniya duka suka lura.

ZAƁEN 2011

Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ran 5 ga Mayu 2010, mataimakinsa Goodluck Jonathan ya hau. Ran 15 ga Satumba na shekaran nan Janar Ibrahim Babangida ya tara jama'a a Abuja don ya faɗi niyyarsa ta neman shugabanci. A wannan rana Jonathan ya rubuta a shafinsa na Facebook cewa shi ma zai nema. Bai kira taro ba, bai kafa rumfa ba, amma maganarsa ta raba hankalin 'yan jarida biyu. Daga ran nan aka san waya ta shiga siyasar Nijeriya.

Aka yi zaɓe ran 16 ga Afrilu 2011, Farfesa Attahiru Jega na shugaban hukumar zaɓe. Samari suka riƙa tsayawa a rumfuna har a gama ƙidaya, suna aika wa juna abin da aka samu. Wannan ya rage wa masu sauya alkaluma sakewa. Amma da aka fara jin Jonathan ke gaba da Janar Muhammadu Buhari, sai tarzoma ta tashi a garuruwan Arewa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce cikin kwana uku an kashe mutum fiye da 800 a jihohi 12. A jihar Bauchi aka kashe 'yan bautar ƙasa goma waɗanda suka zo aikin zaɓe. Tushen fitinar daɗaɗɗe ne, waya ba ita ta haife shi ba. Amma saƙonnin waya sun taimaka wajen hura wutar, gama labarin an kashe wane a wuri kaza ya kan kai gari na gaba kafin a san ko gaskiya ne, masu ramuwa kuwa ba su jiran tabbaci.

ZAƁEN 2015

Kafin wannan zaɓe jam'iyyun hamayya suka haɗu suka zama APC, suka tsai da Buhari. Kowane gefe ya ɗauki samari masu iya waya, aikinsu dare da rana su yabi nasu su kushe na wancan. Da manya suka ga inda aka dosa, suka tuna da 2011, sai aka tara 'yan takara a Abuja cikin Janairu 2015, a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, suka sa hannu a kan alkawarin zaman lafiya. Aka ɗaga zaɓen daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris.

Ran zaɓe mutane suka riƙa ɗaukar hoton takardar sakamako ta rumfarsu suna sa wa a Facebook da Twitter. Tun hukuma ba ta gama tattarawa ba, mai lura ya ga inda iska ta kaɗa. Ran 31 ga Maris, ana cikin karanta sakamako, Jonathan ya buga wa Buhari waya ya yi masa barka. Buhari ya sami ƙuri'a 15,424,921, Jonathan 12,853,162. Wannan ne karo na fari da aka ka da shugaba mai ci ta hanyar ƙuri'a a Nijeriya, aka kuwa kwana lafiya.

Sai bayan shekara uku wani ɓoyayyen abu ya fito. A 2018 jaridun Guardian da Observer na Ingila suka ba da labarin wani kamfani na London mai suna Cambridge Analytica. Kamfanin nan shi ne ya kwashi bayanin mutane har kusan miliyan 87 daga Facebook ba da saninsu ba. Jaridun suka ce wani attajirin Nijeriya mai son Jonathan ya ɗauki kamfanin aiki gab da zaɓen 2015, aka yaɗa wani bidiyo mai ban tsoro, cike da hotunan kisa, don a tsorata mutane da Buhari. Wani tsohon ma'aikacin kamfanin, Christopher Wylie, ya ba da shaida a kan haka a majalisar Ingila. Jaridun suka ce ba alamar Jonathan ya san da wannan ciniki. Kamfanin ya rushe a watan Mayu 2018. Abin lura biyu ne a nan. Mutum yana zaune a London ya iya sa hannu cikin zaɓen Nijeriya ba wanda ya gan shi. Kuma duk da kuɗin da aka kashe, wanda aka yi aikin dominsa bai ci ba.

YADDA ABIN KE AIKI

Kafin a ci gaba, ya kamata a bayyana abin da ya sa magana ke gudu haka cikin waya.

Na fari, shiga Facebook da irinsa kyauta ne, kamfani da talla ya ke cin abinci. Muddin mutum ya daɗe yana kallo, kamfani na samun kuɗi. Saboda haka aka shirya na'ura ta riƙa lura da abin da kowa ya fi tsayawa a kai, ta ƙara kawo masa irinsa. Abin da ke tsai da ɗan Adam kuwa shi ne abin da ya ba shi haushi, ko tsoro, ko dariya. Bayanin yadda za a gyara asibiti ba ya tsai da kowa. Da haka mai son jam'iyya kaza ya kan wayi gari ba ya ganin kowa sai 'yan jam'iyyarsa, har ya zaci duk ƙasa ra'ayinsa gare ta. In aka faɗi sakamako ya sāɓa, sai ya rantse an yi maguɗi, ko an yi ko ba a yi ba.

Na biyu, WhatsApp yana ɗaukar murya. Wanda bai iya karatu ba ya danna ya saurara, ya danna ya tura. Don haka ya shiga inda jarida ba ta taɓa shiga ba.

Na uku, saƙon WhatsApp daga hannun sananne ya ke zuwa: wa, ko suruki, ko abokin sana'a, ko wanda a ke sahu ɗaya da shi a masallaci. Mutum ya kan gaskata don darajar wanda ya turo, alhali shi ma turo masa aka yi. In an bi sawu, ba a samun wanda ya fara. Nan ne babban bambancinsa da sanƙira.

Na huɗu, jam'iyyu sun tsara abin kamar yadda a ke tsara mulki. Akwai zauren WhatsApp na ƙasa, da na jiha, da na ƙaramar hukuma, da na mazaɓa. A lokacin zaɓen 2019 zaure guda mutum 256 ya ke ɗauka, amma mutum ɗaya ya kan zauna cikin zaure ashirin. Saƙon da aka shirya da safe a Abuja, kafin azahar ya kai ƙauye. Yawancin masu wannan aiki samari ne marasa abin yi. Waɗansu ana ba su kuɗin data, waɗansu kuwa kyauta su ke yi, suna fatan in maigida ya ci ya tuna da su.

ZAƁEN 2019

A 2017 Shugaba Buhari ya yi wajen wata biyar yana jiyya a London, a tafiya biyu. Bayan ya komo sai wata magana ta tashi, wai ya rasu, wai wanda ke fadar shugaban ƙasa wani mutumin Sudan ne mai kama da shi, sunansa Jubril. Nnamdi Kanu, shugaban masu neman ɓallewar Biyafara, yana cikin waɗanda suka fi yaɗa ta. Aka riƙa jera hotuna biyu ana gwada kunne da kunne, hannu da hannu. Magana ce wadda a zamanin jarida ba editan da zai buga ta. Amma ta yi ƙarfi har ran 2 ga Disamba 2018, yana ƙasar Poland wajen wani taro, Buhari ya tsaya gaban 'yan Nijeriya mazauna can ya ce shi ne da kansa, ba wani ba. Shugaban ƙasa guda sai da ya yi shaidar yana da rai.

Aka yi zaɓe ran 23 ga Fabrairu 2019, bayan an ɗaga shi da mako guda. Buhari ya sami 15,191,847, Alhaji Atiku Abubakar 11,262,978. A watan Mayu kamfanin Facebook ya ba da sanarwa ya rufe shafuka da asusu 265 waɗanda ke da alaƙa da wani kamfanin Isra'ila mai suna Archimedes Group. Shafukan suna nuna kamar 'yan ƙasa ne ke rubutu, alhali daga waje a ke sarrafa su, suna sa baki cikin siyasar Nijeriya, da Nijar, da Senegal, da Togo, da waɗansu ƙasashe.

A shekaran nan kuma masana daga Jami'ar Birmingham ta Ingila da cibiyar CDD ta Abuja suka yi bincike a jihohin Kano da Oyo a kan aikin WhatsApp cikin zaɓe. Suka tarar maganar waya ba ta tsayawa a waya. Daga waya ta kan faɗa bakin mai shayi, ta shiga rediyo, wani lokaci har ta hau mumbari, ta kai ga wanda bai taɓa riƙe babbar waya ba. Suka kuma tarar wuƙar baki biyu gare ta. Da ita a ke yaɗa ƙarya, da ita kuma a ke ƙaryatawa. Ta ba ƙaramin ɗan takara wanda ba shi da kuɗin rediyo damar a ji shi, ta ba matan da ke cikin gida damar jin muhawarar da da can sai a dandali.

GWAMNATI DA TWITTER

A watan Oktoba 2020 samari suka yi zanga-zangar neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, a Twitter kuwa aka shirya yawancinta. Ran 2 ga Yuni 2021 kamfanin Twitter ya share wata magana da Shugaba Buhari ya rubuta, ya ce ta karya ƙa'idarsa. Bayan kwana biyu gwamnati ta ce ta dakatar da Twitter a Nijeriya. Aka toshe shi daga 5 ga Yuni 2021 har 13 ga Janairu 2022. Mutane da yawa suka sami dabarar zagayawa suka ci gaba da shiga. Daga baya, cikin Yuli 2022, kotun ECOWAS ta yanke hukunci toshewar ta sāɓa wa doka. Wannan ya nuna wuyar al'amarin. In an bar kafar nan sake, maƙaryaci ya yi yadda ya so. In kuwa an ba mai mulki mabuɗinta, ya kulle ran da aka faɗi abin da ba ya so.

ZAƁEN 2023

A watan Mayu 2022 Peter Obi, tsohon gwamnan Anambra, ya bar PDP ya shiga jam'iyyar Labour, wadda a lokacin ba ta da gwamna ko ɗaya. Samarin birane, musamman na Kudu, suka ɗauki tallarsa a Twitter da sauran kafofi, ba su jira jam'iyya ta ba su kuɗi ba. Abokan hamayya suka riƙa yi musu dariya, suna cewa cikin waya kaɗai su ke, ba su da kowa a rumfa. A Arewa kuwa waƙoƙin siyasa, irin na Dauda Kahutu Rarara, su suka cika wayoyi, suna yawo a WhatsApp da TikTok, kamar yadda waƙoƙin NEPU da NPC suka yi yawo a baki shekara saba'in da suka wuce. Ana saura wata guda zaɓe BBC ta ba da labarin wani bincike nata, ta ce jam'iyyu suna biyan masu yawan mabiya kuɗi a ɓoye don su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya.

Aka yi zaɓe ran 25 ga Fabrairu 2023. Bola Ahmed Tinubu ya sami 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso 1,496,687. Obi ya ci jiha 11 da Abuja, har ya ka da Tinubu a Ikko, watau Legas, da ratar da ba ta kai 10,000 ba. Masu dariya suka ga ashe mutanen waya suna da ƙafa. Amma a jihar Kano, inda Kwankwaso ya sami 997,279, Obi bai kai 30,000 ba. Inda maganar waya ta tarad da mutane sun riga sun karkata, ta tashe su sun fita. Inda ba ta tarad da kowa a ƙasa ba, ta wuce kamar jirgin 1959.

Hukumar zaɓe ta yi alkawari za ta sa hoton takardar kowace rumfa a intanet nan take, kowa ya gani. Ran zaɓe na 'yan majalisa suka riƙa shiga, na shugaban ƙasa suka ƙi, hukuma ta ce na'ura ce ta sami tangarɗa. Cikin kwanakin jira wayoyi suka cika da sakamako iri iri, na gaske da na jabu, kowa na riƙe da wanda ya yi masa daɗi. Atiku da Obi suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Tinubu ran 26 ga Oktoba 2023.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

Akwai wani lissafi da ya kamata a duba. Cikin kowane mutum 100 da suka yi rajista, wajen 54 suka jefa ƙuri'a a 2011, wajen 44 a 2015, wajen 35 a 2019, wajen 27 a 2023. A 2023 masu rajista sun haura miliyan 93, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 sosai ba. Watau shekarun da surutun siyasa ya fi yawa cikin waya, su ne shekarun da layin rumfa ya fi gajarta. Ba za a ɗora wa waya laifin duka ba. Na'urar tantance masu zaɓe ta rage ƙuri'un ƙarya waɗanda da su ke kumbura lissafi, ga tsoron 'yan daba, ga ƙarancin takardun Naira da aka sha a farkon 2023. Amma lissafin ya isa ya nuna wanda ya kwana yana gardama a waya ba lalle ne a gan shi a layi da safe ba.

Abin da tarihin nan ya tabbatar shi ne, waya ba ta cika sauya wa mutum jam'iyya ba. Abin da ta fi yi shi ne ta ƙara masa zafi a kan abin da ya riga ya yarda da shi. Ta tona maguɗi a wurare da yawa, ta ba talaka bakin da bai taɓa samu ba. Ta kuma sa an zagi mutanen kirki, an raba zumunta, wani wuri har an zub da jini.

A zamanin sanƙira mai shela ɗaya ne a gari, alhakin maganarsa kuma a wuyansa ya ke. Da waya ta zo, duk mai riƙe da ita ya zama mai shela, alhakin ya komo wuyansa. Malamai sun daɗe suna karantar da abin da ke cikin Suratul Hujurati na umurni da bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci waɗansu bisa jahilci a komo ana nadama. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya karatu, ya fi kowa sauƙin cika wannan umurni. In saƙo ya zo masa ya iya duba wa ya faɗa, yaushe aka faɗa, ko wani gidan rediyo ko jarida da aka sani ya kawo shi, kuma wa zai ci riba in an gaskata. In bai sami amsa ba, ya bar saƙon ya kwana a wayarsa. Magana zarar bunu ce, wadda ta fita kuwa ta waya ta fi kowace wuyar mayarwa. Allah ya ba ƙasa shugabanni adilai, ya ba talakawa basirar zaɓensu, amin.